Waiwaye: Tun yaushe aka san cewa lafiyar ɗan baƙo tana bi ta hannun uwarsa?

Duk inda aka zauna kan batun 'yan gudun hijira da 'yan ci-rani a 'yan shekarun nan, ba a tashi sai an taɓo ƙananan yara. Wasu na cewa a hanzarta sa su makarantar reno, su koyi harshen ƙasar da suka sauka tun bakinsu bai yi tauri ba. Wasu na cewa abinci da rigakafi da wurin kwana su ne gaba, sauran duk ƙawa ce. Yanzu da kuɗin agaji ke ja da baya gardamar ta ƙara zafi, domin dole a zaɓi abin da za a yanke. A 2024 mutanen da aka raba da muhallansu a duniya sun haura miliyan 120, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne. Mai sauraro sai ya ɗauka a 2015 aka fara wannan magana, lokacin da 'yan Siriya suka kwarara Turai. Alhali maganar ta girmi akasarin masu yin ta.

A watan Satumba na 1939 Birtaniya ta kwashe mutane kusan miliyan ɗaya da rabi, yawancinsu yara, daga birane zuwa karkara don tsoron bama-bamai. Anna Freud da Dorothy Burlingham, waɗanda suka riƙe gidajen reno a Landan lokacin yaƙin, sun lura cewa rabuwa da uwa ta fi girgiza ƙaramin yaro fiye da ƙarar bam. A 1951 likitan ƙwaƙwalwa John Bowlby ya miƙa wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto mai irin wannan saƙo. A shekarar ce kuma aka ƙulla yarjejeniyar 'yan gudun hijira, ta haƙƙin yara ta biyo baya a 1989. Wannan sanannen tarihi ne.

Sai dai abin da ya shiga aiki daban. A sansanoni aka riƙe abin da ake iya ƙirgawa: awon nauyi, awon damtse, allura. Babu mai raina wannan, ya ceci rayuka masu yawa. A birane kuwa an daɗe ana kallon gidan baƙo a matsayin tushen matsalar. Har sai da binciken Peal da Lambert na 1962 a Montreal ya fito kafin masana su fara sakin ra'ayin cewa harshe biyu na dagula ƙwaƙwalwar yaro. Uwar da ba ta yi karatu mai zurfi ba, ba ta jin harshen gari sosai, an ɗauke ta a matsayin wadda za a kewaye a kai ga ɗanta.

Inda aka juya wannan tunani, ba a cika ambatarsa ba. A 1982 wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Jami'ar Bogazici ta Turkiyya, Cigdem Kagitcibasi, tare da Diane Sunar da Sevda Bekman, suka shiga unguwanni biyar na talakawa a Santanbul. Mazaunan galibi mutanen karkara ne da suka yi ƙaura zuwa birni neman abin yi, matan da yawa suna aiki a masana'antu. Ba su tsallaka iyakar ƙasa ba, amma sun baro dangi da duk masu taya su reno, wanda shi ne ainihin rashin da ƙaura ke jawo wa mai goyo. Aka ɗauki yara 255 'yan shekara 3 da 5: wasu suna makarantar reno mai koyarwa, wasu suna gidan da ake ajiye yara kawai, wasu suna gida. Daga cikinsu aka zaɓi wani kaso, aka ce su ba yaran za a koyar ba, iyayensu mata za a zauna da su.

Zaman ba wani abin a zo a gani ba ne. Duk mako a kawo wa uwa 'yan takardu masu hotuna da tambayoyi, a gwada mata yadda za ta yi, mai koyarwa ta zama uwa, uwar ta zama yaro, sannan ita ta zauna da ɗanta na 'yan mintoci kullum. Bayan mako bibbiyu matan su haɗu su tattauna cimar yara, da horo ba tare da duka ba, da yadda ake sauraron yaro, har da abin da ke damun su kansu. Shekara biyu ana haka.

Da aka koma bayan shekara bakwai, kashi 86 cikin ɗari na yaran da aka horar da iyayensu suna makaranta har lokacin, a ɗaya ɓangaren kashi 67. Tasirin zama da uwa ya fi na makarantar reno daɗewa a wannan mataki. Dalilin a fili yake: makaranta yaro yana gama ta ya wuce, uwa kuwa tana nan, kuma abin da ta koya ƙannensa ma sun samu. An sake bibiyar su bayan shekara 19, aka tarar sun yi gaba a karatu da irin aikin da suke yi. Daga nan aka kafa gidauniyar ilimin uwa da ɗa ta Turkiyya a 1993, shirin ya bi iyalan Turkawa 'yan ci-rani har Turai.

Wani zai ce ai wannan zaman lafiya ne, ina batun yaƙi? A Tuzla ta Bosniya, Ragnhild Dybdahl ta bi iyaye mata 87 da yaƙi ya kora tare da 'ya'yansu. Kowa ya samu kulawar likita, amma wani kaso na matan sun riƙa haɗuwa duk mako har wata biyar. Sakamakon da ya fito a 2001 ya nuna hankalin matan ya fi kwanciya, yaransu kuma sun fi ƙara nauyi, ba tare da shirin ya raba musu abinci ba. Wanda ya taɓa ganin uwa mai ciwon damuwa tana ba da abinci, idonta a bango, cokali a hannu, yaro ya kau da kai ita kuma ba ta sake miƙawa ba, ba zai yi mamakin wannan ba. A Amurka ma, binciken 2017 a jihar Oregon ya gano cewa matan da aka shigo da su ƙasar suna yara ba takardun zama, waɗanda wani tsarin gwamnati na 2012 ya ba kariya daga kora, larurar fargaba da damuwa ta ragu da kimanin rabi a 'ya'yansu. Takardar uwa ce aka gyara, yaro ya samu sauƙi.

Sai a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Bankin Duniya suka fitar da tsarin reno da ya jera wasa da hira da yaro kusa da cima da lafiya. A 2017 kuma aka ware dala miliyan 100 don shirin Ahlan Simsim na yaran da rikicin Siriya ya shafa. Me ya sa aka ɗauki shekara talatin da wani abu tun daga aikin Santanbul? A ganina amsar tana cikin yadda ake rarraba aikin. Lafiya nata ɓangare, ilimi nasa, takardun zama nasu, ita kuwa uwar ba ta faɗa cikin ko ɗaya ba. Ga shi kasafin agaji yawanci na shekara guda ne, ana son sakamakon da za a rubuta a rahoton ƙarshen shekara.

Taƙaitawa kuma tana da iyaka. A Jodan, da annobar korona ta sa aka mayar da ziyarar gida da ake kai wa iyaye ta koma kiran waya na wata shida, damuwar iyaye ta ɗan ragu, amma ba a ga canji a ci gaban yaran ba. Na Santanbul sai da aka yi shekara biyu ana zama ido da ido, aka kuma jira shekara bakwai kafin a ga tazarar 86 da 67.