Sipiyo Afrikanus: janar ɗin Rum da ya kayar da Hanibal

Wane ne Sipiyo, kuma me ya haɗa shi da Afirka?

Publiyus Korneliyus Sipiyo ɗan babban gida ne a birnin Rum, an haife shi wajen shekara ta 236 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Laƙabin Afrikanus kuwa ya same shi ne saboda nasarar da ya yi kan Kartaj, daular da hedkwatarta ke inda Tunisiya take a yau.

Yaya aka yi aka damƙa wa matashi runduna?

Tsananin wuya ne ya jawo. Hanibal, janar ɗin Kartaj, ya ƙetare tsaunukan Alps, ya ragargaza sojojin Rum a Kanne da ke Italiya a 216. A 211 kuma aka kashe mahaifin Sipiyo da baffansa a fagen fama a Sifaniya. Manya suka ja da baya, shi kuwa yana ɗan shekara 25 ya miƙe ya nema, aka tura shi a 210 alhali bai taɓa riƙe muƙamin da ake ba mai shi runduna ba. Shekara na zagayowa ya ƙwace birnin Kartajena, cibiyar mutanen Kartaj a Sifaniya, kafin ƙarshen 206 ya kori mutanen Kartaj daga Sifaniya.

Me ya faru a Zama?

Nan ne hazaƙarsa ta fito fili. Da ya zama konsul, wato ɗaya daga cikin shugabannin Rum biyu na shekara, a 205, sai ya dage a kai yaƙin gidan abokin gaba. Dattijo Fabiyus Maksimus ya yi ta adawa a majalisa, amma Sipiyo ya wuce Sisili ya horar da 'yan sa-kai da ragowar sojojin Kanne da aka wulaƙanta. Ya sauka Afirka a 204, ya haɗa kai da Masinisa na Numidiya mai gwanayen mahaya.

A 202, a fagen yaƙin Zama da ke Afirka ta Arewa, Hanibal ya sako masa giwaye kusan 80. Sipiyo ya riga ya jera dakarunsa da lunguna a tsakani, giwayen suka bi ta ciki suka wuce. Daga baya mahayansa suka dawo suka afka wa Hanibal ta baya, dabarar da Hanibal ɗin ya yi wa Rum a Kanne.

To a siyasa fa?

Ya zama sensa, mai ƙidayar jama'a da tantance 'yan majalisa, a 199, ya sake zama konsul a 194. Sai dai majalisar Rum ba ta son mutum ɗaya ya yi wa kowa zarra.

Me ya jawo faɗuwarsa?

Bayan ya raka ƙanensa Lusiyus yaƙi da Sarki Antiyokus na Siriya, wanda aka ci a Magnesiya, sai Kato, wani ɗan majalisa mai adawa da shi, da magoya bayansa suka nemi bayanin kuɗin da aka karɓo daga sarkin. Sipiyo ya fusata, ya yayyaga kundin lissafin a gaban 'yan majalisa. A ganina an yi masa butulci, domin hassada ta yi yawa a cikin tuhumar. Amma shi ma bai kyauta ba, dukiyar jama'a ce, kuma jarumtaka ba ta ɗauke wa mutum bayani. Ya bar Rum cikin ɓacin rai ya koma gonarsa a Litarnum, inda ya rasu wajen 183.