Ma'anar "test-optional", kalmar da ake ta yi wa mummunar fassara

Tun da annobar korona ta rufe cibiyoyin jarrabawa a 2020, kalmar nan ta zama ruwan dare a bakin masu neman gurbin karatu a Amurka. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda wasu masu sharhi ke cewa wai jami'o'in Amurka sun soke SAT, jarrabawar da masu neman shiga jami'a ke zanawa. Ba su soke ba. Zaɓi aka ba ɗalibi: in ya ga dama ya aika makinsa na SAT ko ACT (wata jarrabawa makamanciyarta), in bai ga dama ba ya riƙe abinsa. Wanda ya aika kuwa za a duba, kuma zai yi tasiri. Masu rufe ido ɗungurungum daban suke, su ake kira "test-blind", irin Jami'ar California, wadda ko ka aika mata maki ba ta lissafa shi wajen ba da gurbi. Tsarin zaɓin ma ba yau aka fara shi ba, kwalejin Bowdoin tana yinsa tun 1969.

To ga inda gizo ke saƙar. Makin SAT daga 400 yake tashi ya tsaya a 1600. A ce wata jami'a ta ɗauki ɗalibai goma, biyar sun ci 1500, biyar sun ci 1300. Da kowa ya aika nasa, matsakaicin makinsu 1400 ne. Amma tunda an ba da zaɓi, masu 1300 sai su yi gum, jami'a kuma ta buga wa duniya cewa matsakaicin makin ɗalibanta 1500. Wa ya yi ƙarya? Babu. Ɗalibi bai faɗi abin da bai ci ba, jami'a ta lissafa abin da aka ba ta. Badi sai yarinya mai 1420 ta duba wannan lamba, gabanta ya faɗi, ita ma ta ɓoye nata, alhali da ta aika da ya taimake ta. Lambar ta ƙara hawa. Shekara mai zuwa mai 1480 ma sai ya fara jin kunyar makinsa. Kowa ya yi gaskiya, amma jimillar gaskiyarsu ta haifi lambar da ke yaudarar na baya.

Wannan na cikin dalilan da kwalejin Dartmouth ta bayar lokacin da ta dawo da tilasta jarrabawar a 2024: ta gano cewa 'ya'yan marasa ƙarfi suna ɓoye makin da zai iya ɗaga su, domin jami'a tana auna maki ne da irin makarantar da yaro ya fito. Jami'ar MIT ta riga ta tun 2022, sai jami'o'in Brown da Harvard suka bi sahu a 2024. Ni dai ina ganin sun yi daidai, ko da yake na san masu kare tsarin zaɓi suna da hujjarsu, cewa mai kuɗi ne ke iya biyan malamin bita ya sake zana jarrabawar sau uku.

Ƙarya ta ƙiri-ƙiri kuwa ba ta zuwa ko'ina. Jami'o'i da yawa suna barin ɗalibi ya rubuta makinsa da hannunsa a takardar nema, amma kafin ya fara karatu sai an karɓi sakamako na asali daga hukumar da ta shirya jarrabawar, College Board ko ACT, in aka ga saɓani ana iya janye gurbin. Haɗa mafi kyawun makin lissafi na wani zama da mafi kyawun makin karatu na wani zama, shi wannan halal ne inda jami'a ta yarda da shi.

Su ma jami'o'in masu binciken ba wankakku ba ne. A 2012 kwalejin Claremont McKenna ta amsa cewa wani babban jami'inta ya yi shekaru yana ƙara wa alƙaluman SAT na ɗalibanta gishiri kafin ya aika wa mujallar U.S. News mai jera jami'o'i.