Adana shaidar baka ta waɗanda suka tsira daga kisan ƙare dangi

Shaidar baka, a wannan fage, ita ce labarin da wanda ya tsira daga kisan ƙare dangi yake bayarwa da bakinsa, a naɗi muryarsa ko a ɗauke shi a bidiyo, a rubuta sunansa da garinsu da ranar da ya yi magana, sannan a ajiye inda ɗalibi da mai bincike da alƙali za su same ta. Bahaushe ya raba masu ba da labari gida biyu, ganau da jiyau. Ganau kuwa ƙarewa suke yi kowace shekara, shi ya sa ake gaggawar kama maganarsu tun suna da rai, domin na baya su ji ta da muryar mai ita.

Wani lauya Bayahude ɗan ƙasar Foland, Raphael Lemkin, shi ya raɗa wa wannan laifi suna a 1944. Ranar 9 ga Disamba 1948 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar hana shi da hukunta masu aikata shi. Abin da ya bambanta shi da sauran kashe-kashe ita ce niyya: a yi nufin shafe wata al'umma, dukanta ko wani ɓangarenta, saboda ƙabilarta ko launin fatarta ko addininta ko ƙasarta. Mai irin wannan niyya yakan haɗa da ƙona takardu da tone kaburbura da musanta abin da ya faru, don haka sau da yawa bakin wanda ya tsira ne kaɗai hujjar da ta rage.

Yadda aikin ya faro

A 1946, shekara guda bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wani masanin halayyar ɗan Adam daga Amurka mai suna David Boder ya zaga sansanonin 'yan gudun hijira a Faransa da Suwizalan da Italiya da Jamus, ɗauke da na'urar da ke naɗar murya a kan siririyar waya. Ya yi hira da mutum sama da 100, yawancinsu Yahudawan da suka kuɓuta daga hannun 'yan Nazi. A lokacin duniya ba ta da kunnen saurare. Sai a 1961, da aka gurfanar da Adolf Eichmann, jami'in Nazi da ya tsara jigilar Yahudawa zuwa sansanonin kisa, a birnin Ƙudus, shaidu fiye da 100 suka tsaya gaban kotu ɗaya bayan ɗaya, jama'a suka ji a rediyo, sannan aka fara ɗaukar maganar wanda ya tsira a matsayin tarihi.

Bidiyo ya shigo a 1979, lokacin da likitan ƙwaƙwalwa Dori Laub, wanda shi ma yana yaro ya tsira, da 'yar jarida Laurel Vlock suka fara ɗaukar hirarraki a garin New Haven. Wannan taska tana Jami'ar Yale yanzu, da shaida sama da 4,400. Mafi girma ita ce ta Gidauniyar Shoah (Shoah shi ne sunan da Yahudawa suke kiran kisan da 'yan Nazi suka yi musu), wadda mai shirya fina-finai Steven Spielberg ya kafa a 1994: cikin 'yan shekaru ta tara shaida kusan 52,000 daga ƙasashe 56 a harsuna 32. Tun 2006 tana ƙarƙashin Jami'ar Kudancin Kalifoniya, kuma ta buɗe ƙofa ga shaidun Armeniyawa da na Ruwanda da Kambodiya da Gwatemala.

Ruwanda

Daga 7 ga Afrilu 1994 zuwa tsakiyar Yuli, kwana 100, aka kashe mutum kusan 800,000 a ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, gwamnatin Ruwanda kuma ta ce sun haura miliyan ɗaya. 'Yan ƙabilar Tutsi aka nufa, aka haɗa da 'yan ƙabilar Hutu da suka ƙi ba da hannu. Gidan rediyon RTLM yana kiran Tutsi kyankyasai, yana faɗin sunaye da wuraren ɓuya. Yawancin kisan da adda da kulki aka yi shi, kuma maƙwabci ne ya kashe maƙwabci. Wannan ya sa shaidar Ruwanda take da nauyi na daban, domin matar da ke ba da labari takan san sunan wanda ya kashe mata miji, ta san uwarsa, wataƙila ma rijiya ɗaya suke ɗiban ruwa har yau.

Ƙungiyar Ibuka, wato "tuna", da ƙungiyar matan da aka kashe wa mazaje, AVEGA, sun tashi a 1995, kuma suna cikin waɗanda suka fara tara sunaye da labarai. An buɗe wurin tunawa na Kigali a unguwar Gisozi a Afrilun 2004, inda aka binne mutum sama da 250,000, tare da haɗin gwiwar ƙungiyar Aegis Trust. A 2010 aka ƙaddamar da taskar tarihin kisan, wadda ake iya shiga ta intanet. Kotunan gargajiya na gacaca, waɗanda suka yi aiki daga 2002 zuwa 2012, sun saurari ƙararraki kusan miliyan 1.9 a filin gari, suka bar miliyoyin shafukan da aka rubuta da hannu.

Misali ɗaya ya isa a ga abin da shaidar baka take iya yi. A kotun duniya kan kisan Ruwanda da ta zauna a Arusha ta ƙasar Tanzaniya, tuhumar farko da aka yi wa Jean-Paul Akayesu, shugaban ƙaramar hukumar Taba, ba ta ƙunshi fyaɗe ba. Matan da suka zo shaida ne suka ambace shi da bakinsu, aka gyara takardar tuhuma. Hukuncin 2 ga Satumba 1998 ya zama karo na farko da kotun ƙasa da ƙasa ta kama mutum da laifin kisan ƙare dangi, kuma ta tabbatar cewa fyaɗe na iya zama ɗaya daga cikin hanyoyin aikata shi.

Irin wannan aiki ya gudana a Kambodiya, inda cibiyar da Youk Chhang ke jagoranta take tara bayanai tun 1995 kan kashe-kashen mulkin 'yan kwaminis na Khmer Rouge na 1975 zuwa 1979, har da hirarraki da Musulmin ƙabilar Cham, waɗanda aka hana su salla aka kashe limamansu. A Bosniya kuma iyaye matan Srebrenica ne suka riƙe sunayen maza da samari Musulmi sama da 8,000 da aka kashe a Yulin 1995.

Yadda ake ɗaukar shaida

Ba a farawa da ranar kisa. Tsarin Gidauniyar Shoah shi ne a tambayi mutum rayuwarsa kafin bala'in, da lokacinsa, da bayansa: sunan mahaifiyarsa, sana'ar gidansu, abincin da ake dafawa ranar biki. Hirar takan ɗauki kamar awa biyu, galibi a gidan mai shaida kuma da harshen da ya zaɓa, a ƙarshe ya nuna hotunan da suka rage masa. Hikimar wannan a fili take. Yaron da ya ji "mutum 800,000" ba ya riƙe komai, amma idan ya ji cewa wata yarinya tana da ƙanwa mai tsoron duhu, zai tuna da ƙanwar nan har ya girma.

Mai ɗaukar shaida dole ya iya shiru. Idan mai magana ya tsaya, ba a cika masa zance, ba a kashe na'ura sai ya nema. Ana neman yardarsa a rubuce, a kuma gaya masa wa zai gani. Wasu sukan ce a rufe shaidarsu sai bayan ransu, kuma haƙƙinsu ne. Tonon tsohon miki yana da haɗari. A zamanin gacaca an tsoratar da shaidu, an kashe wasu, wasu kuma ciwon zuciyarsu ya dawo sabo bayan sun yi magana a bainar jama'a. Duk shirin da zai sa tsohuwa ta yi kuka gaban kyamara sannan a naɗe kaya a tafi a bar ta, ya ci amanarta, ko da bidiyon ya yi kyau.

Mantuwa da kuskure

Masu musun kisan ƙare dangi sukan kama kuskure ɗaya a bakin shaida su ce duka ƙarya ne. Laub ya ba da labarin wata mata da ta ce ta ga bututun hayaƙi huɗu sun tashi da wuta a boren fursunonin Auschwitz, sansanin kisa na 'yan Nazi, a Oktoban 1944, alhali masana tarihi sun tabbatar ɗaya ne aka tarwatsa. Wasu suka ce a jefar da shaidarta. Laub ya ce matar ta yi kuskure a lissafi, amma ta shaida abin da babu takardar da ta riƙe shi, wato yadda fursunoni suka ji da suka ga an yi wa wurin tawaye. Hanyar da ta fi tsaro ita ce a gwada shaida da shaida, a gwada da takardu da taswira da abin da aka tono a kaburbura. Duk wanda ya zauna gaban malami a unguwar Nima ta Akra ko Aboabo ta Kumasi ya san wannan a karatun hadisi: ana tambayar wa ya ji daga wa, ana duba ko ruwaya ta zo ta hanyoyi da yawa, kuma mantuwar mai ruwaya daban take da ƙaryarsa.

Kai wa matasa

Fiye da rabin 'yan Ruwanda na yau bayan 1994 aka haife su. Ana kai ɗalibai wuraren tunawa, huɗu daga cikinsu, Nyamata da Murambi da Gisozi da Bisesero, UNESCO ta sa su a jerin wuraren tarihin duniya a 2023. Gidauniyar Shoah ta yanka hirarrakinta minti-minti ta yi musu fihirisa, malami ya zaɓi gajeren yanki ya nuna a aji. Ta kuma ƙirƙiro tsarin da ɗalibi zai yi tambaya, kwamfuta ta nemo amsar daga cikin ɗaruruwan amsoshin da aka riga aka naɗa. Pinchas Gutter, wanda ya tsira daga hannun 'yan Nazi, shi ne na farko da aka ɗauka haka. Malamai da yawa sun fi son a nuna wa yara yadda abin ya faro, da zagi da laƙabi da raba katin shaida bisa ƙabila, a kan a cika musu ido da gawarwaki.

Gana da unguwannin zango

Gana tana da nata ganau a wannan tarihi. Ranar 21 ga Afrilu 1994 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya rage rundunar kiyaye zaman lafiya ta Ruwanda zuwa mutum 270, amma sojojin Gana sama da 400 suka zauna ƙarƙashin Birgediya Janar Henry Kwami Anyidoho, mataimakin kwamandan rundunar, Janar Roméo Dallaire, suka tsare dubban mutanen da suka fake a wurare irin filin wasa na Amahoro. Kofi Annan, haifaffen Kumasi, shi ne shugaban sashen kiyaye zaman lafiya na Majalisar a lokacin, kuma a 2004 ya amsa a fili cewa akwai abin da ya kamata ya yi fiye da wanda ya yi. Waɗancan sojoji sun manyanta yanzu, kuma abin da ƙaramin soja ya gani a shingen hanya ba lallai ya shiga rahoton janar ba.

Ba a yi kisan ƙare dangi a Gana ba, kuma bai dace a liƙa wannan suna ga kowane rikici ba. Sai dai dabarun ɗaukar shaida sun yi aiki a nan. Hukumar Sasanta 'Yan Ƙasa, wadda ta fara zama a tsohon ginin majalisa a Akra a Janairun 2003, ta karɓi koke sama da 4,000 kan cin zarafin da aka yi a gwamnatocin baya. Tun kafin wannan, Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya bar Salaga bayan yaƙin basasar 1892, ya sa abin da ya gani a waƙa, kuma Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta tara rubuce-rubucen malaman zango irinsa.

Zango yana da labarin da har yanzu yake bakin tsofaffi. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Firaminista Kofi Busia, ta Nuwamban 1969, ta ba marasa takardu mako biyu su fita, gidaje suka watse a Sabon Zango da Nima da zangon Kumasi, aka sayar da kaya da araha, aka raba mata da miji. Wanda yake ɗan shekara 15 a lokacin ya wuce 70 yau. Wayar hannu ta isa a naɗi hira da shi, in dai za a fara da sunansa da ranar, a bar shi ya yi Hausarsa ta zango yadda ya saba, a kuma ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Tsofaffin kaset kuwa a yi saurin juye su a kwamfuta, domin laimar Akra da zafinta suna sa zaren kaset ya yi fumfuna ya manne.