Waiwaye: Yadda tsofaffin wasannin barkwancin talabijin suka zama 'yan gida ɗaya

Duk wanda ya daɗe yana kallon tsofaffin wasannin barkwanci na talabijin ɗin Amurka zai lura cewa falon kusan ɗaya ne. Doguwar kujera a tsakiya tana fuskantar mai kallo, ƙofa a gefe, matakalar bene a baya, can sai maƙwabci ya faɗo ba ko sallama, a kwashe da dariya. Wasu kan ce kwaikwayon juna kawai suke yi. A ganina abin ya fi ƙarfin kwaikwayo. Gado ne, kuma ana iya bin sawunsa har zuwa 1951.

Tun a 1950 ne gidan talabijin na CBS ya nemi Lucille Ball ta dawo da wasanta na rediyo, My Favorite Husband, kan talabijin. Ta kafe cewa sai da mijinta na gaskiya, Desi Arnaz, mawaƙi haifaffen Kuba, kuma ba za su bar Los Anjalis su koma New York ba, inda ake watsa yawancin shirye-shirye kai tsaye. To amma mafi yawan masu kallo a gabashin ƙasar suke, kuma hoton da ake kwafa daga fuskar talabijin a aika nesa dishi-dishi yake fitowa. Sai aka yanke shawarar ɗaukar wasan a fim mai faɗin milimita 35, da kyamara 3 a lokaci guda, a gaban 'yan kallo na zahiri. Aka ɗauko Karl Freund, gogaggen mai ɗaukar hoto da ya yi suna a finafinan Jamus, ya tsara hasken da zai ishi kyamarorin duka ba sai an tsaya gyaran fitila ba. Da kuɗin aikin ya yi yawa, ma'auratan suka yarda a rage musu albashi, da sharaɗin fim ɗin ya zama mallakar kamfaninsu, Desilu. Ranar 15 ga Oktoba, 1951, I Love Lucy ya fara fita.

Daga nan falon ya samo siffarsa. Tunda kyamarori da jama'a suna gefe ɗaya, dole ɗaki ya rasa bango guda, dole kujera ta juyo, dole iyali su taru a teburin cin abinci su bar ɓangare ɗaya wayam. Shi ma ɗan wasa, in ya saki magana, sai ya ɗan dakata, ya ɗaga gira ko ya kurɓi ruwa, har dariya ta lafa. Wannan dakatawar ita ce numfashin irin wannan wasa, har ta kai inda babu 'yan kallo ma sai an saka dariyar na'ura, sana'ar da injiniyan sauti Charley Douglass ya riƙe shekaru da dama. Kuma da yake fim yana ajiyuwa, aka riƙa maimaita tsofaffin fitowa, abin da ya ƙarfafa al'adar nan ta cewa duk rigimar da aka tayar sai an kashe ta cikin rabin awa, kowa ya koma inda yake. Marubutan da suka biyo baya da waɗannan maimaice-maimaicen suka tashi.

Akwai kuma aro na fili. The Honeymooners na Jackie Gleason, mai fitowa 39 tsakanin 1955 da 1956, labarin direban bas ne mai kurari da dogon buri, da matarsa mai sauke shi ƙasa, da amininsa maƙwabci. Wanda ya san shi, in ya ga zanen The Flintstones na 1960, ba sai an yi masa bayani ba. Daga Ingila kuwa, Steptoe and Son na BBC, uba da ɗa masu sana'ar gwangwan, shi ya zama Sanford and Son a 1972 tare da Redd Foxx. Till Death Us Do Part kuma Norman Lear ya juya shi zuwa All in the Family a 1971, inda uban gidan, Archie Bunker, ya gaji taurin kai da wariyar Alf Garnett, uban gidan wasan na Ingila. Wannan aron ya fi burge ni, domin da shi aka shigo da zancen launin fata, siyasa da yaƙin Biyetnam cikin falon da a da ba a taɓa irin waɗannan batutuwa. Gidan Bunker ma ya yi 'ya'ya da jikoki: ya haifi Maude a 1972, Maude ta haifi Good Times a 1974, maƙwabtansa kuma suka tashi suka kafa The Jeffersons a 1975.

Amma zaren da ya fi ƙarfi shi ne mutanen kansu, yadda sana'ar ta riƙa tafiya hannu da hannu. Carl Reiner ya ƙirƙiro The Dick Van Dyke Show a 1961, aka ɗauke shi a harabar Desilu da salon nan na kyamara 3. Ɗansa Rob Reiner shi ne surukin da Archie Bunker ke yi wa tsawa kullum. Mary Tyler Moore, wadda ta fito a matsayin matar gida a wasan Carl Reiner, ta buɗe nata wasan a 1970, inda abokan aiki a ɗakin labarai suka tsaya a matsayin dangi. A kamfaninta na MTM ne wani matashi mai suna James Burrows ya fara ba da umarni a talabijin. Daga can ya wuce Taxi, ya kasance cikin mutum 3 da suka ƙirƙiro Cheers a 1982, wasan da shi ma ya haifi Frasier a 1993. Da aka zo ɗaukar fitowar farko ta Friends a 1994, Burrows ne ya ba da umarni, a gaban 'yan kallo, da doguwar kujera a tsakiyar shagon shan kofi tana fuskantar kyamara.