Tayar hunturu: abin da za ku duba kafin ku biya kuɗi

'Yan uwa da kuka sauka Kanada ko Jamus ko Suwidin kwanan nan, karatu ne ya kawo ku ko aiki, kuma kun sayi mota ko kuna niyyar saye, ku gama da maganar taya kafin dusar ƙanƙara ta farko ta sauka. Direban da ya shekara ashirin yana bin hanyar Kano zuwa Kaduna gwani ne, amma gwanintarsa ba za ta tsayar da mota a kan ƙanƙara ba idan tayar da ke ƙarƙashinsa ta sandare. Littafin dokokin hanya na Ingila ya yi gargaɗi cewa tazarar da mota ke ci kafin ta tsaya a kan ƙanƙara na iya ninka ta busasshiyar kwalta har sau 10.

Matsalar tana farawa tun kafin a ga dusa a ƙasa. Robar tayar bazara tana fara tauri da zarar sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7, kamar dai yadda man kaɗanya ke daskarewa da hunturu a gida. Robar da ta yi tauri ba ta lanƙwasa ta kama ƙananan ramukan kwalta, sai ta riƙa zamewa a kansu. Tayar hunturu an haɗa robarta da sinadarin silika mai yawa domin ta zauna da laushinta ko a sanyin da ya kai digiri 20 ko 30 ƙasa da sifili. Idan kuka duba fuskarta za ku ga ɗaruruwan siraran tsage a kan haƙoranta. Waɗannan tsagen ne ke buɗewa idan an taka birki, su ciji hanya, su kuma share ɗan ruwan da ke kwance a saman ƙanƙara. Wannan ɗan ruwan shi ne asalin santsin, shi ya sa hanya ta fi haɗari lokacin da sanyi ke kusa da sifili fiye da ranar da ya tsananta ƙwarai. Manyan ramukan tayar kuwa suna cika da dusa da gangan, domin dusa ta fi kama dusa 'yar uwarta fiye da yadda roba ke kama ta.

Abu na farko da za ku nema a gefen taya shi ne hoton dutse mai kololuwa uku da ƙwayar dusa a tsakiyarsa. Tayar da ke ɗauke da wannan alama an gwada ta a kan dusa, ta kuma ci gwajin. Haruffan M+S, wato laka da dusa a Turance, su kaɗai ba su nuna an yi wani gwaji ba, zanen haƙoran kawai suke bayyanawa, kuma kusan duk tayar da aka rubuta wa All Season a Amurka da Kanada tana da su. Nan ne sababbin zuwa ke shiga tarko: mai sayar da mota ya ce musu tayar ta kowane yanayi ce, su ɗauka an gama. Akwai wadda ake kira All Weather, ita tana da alamar dutsen kuma ana iya barinta a mota duk shekara. Ta wadatar ga mai zama a gari kamar Bankuba a Kanada ko Kolon a Jamus inda sanyi bai cika tsanani ba. Ga mai zama a Winifeg ko Edmonton, garuruwan Kanada masu tsananin sanyi, ban ba da shawararta ba.

Ku sani kuma alamar dutsen gwajin dusa ce, ba ta ce komai a kan sulɓin ƙanƙara ba. A Turai, tun watan Mayun 2021, takardar da ake mannawa a sabuwar taya tana iya ɗaukar wata alama ta daban mai nuna an gwada ta a kan ƙanƙara. Wannan ya raba tayoyin hunturu gida biyu. Akwai na tsakiyar Turai, waɗanda aka yi domin jiƙaƙƙiyar kwalta da caɓin dusar da ta fara narkewa da gudu a babbar hanya. Akwai na arewa, irin na Finlan da Nowe da Suwidin, masu robar da ta fi laushi, gwanaye a kan ƙanƙara amma birkinsu ya fi tsawo a jiƙaƙƙiyar hanya mai ɗan ɗumi. Wanda ke Hambug a Jamus ya sayi ta arewa bai yi wa kansa gata ba, haka wanda ke Umea a arewacin Suwidin ya sayi ta tsakiyar Turai.

Sai masu ƙusa. Ƙananan ƙusoshin ƙarfe da aka dasa a haƙoran suna karce ƙanƙara, kuma a hanyar ƙauye da ba a zuba wa gishirin narkar da ƙanƙara babu abin da ya kai su. Amma suna da ƙara, suna cin kwalta, suna tayar da ƙurar da ke cutar da huhu, don haka dokoki suka yi musu yawa. Jamus ta hana su. Mazauna kudancin lardin Ontariyo na Kanada, har da Toronto, ba su da izinin sa su. Kebek, wani lardin na Kanada, ta yarda da su daga 15 ga Oktoba zuwa 1 ga Mayu. A Oslo sai an biya kuɗi kafin a shiga gari da su. Wanda ya sa sababbi ya yi tuƙin lallaɓa a kilomita 500 na farko, babu fizga babu birkin gaggawa, domin ƙusoshin su zauna daram a ramukansu.

Dokar tilasta tayar hunturu ta bambanta daga wuri zuwa wuri, kuma rashin sani ba ya hana tara. A Kebek wajibi ce daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, tarar kuwa dala 200 zuwa 300. Ontariyo ba ta tilasta ba, sai dai tun 2016 dole kamfanonin inshora su yi rangwame ga wanda ya sa, saboda haka ku kira kamfaninku ku gaya musu. Jamus ba ta yanke rana ba: duk ranar da hanya ke da dusa ko ƙanƙara ko caɓi, dole tayar ta zama mai alamar dutse, kuma tun Oktoban 2024 tsofaffin masu M+S kaɗai ba sa karɓuwa. Tarar yuro 60 ce da makin laifi ɗaya a lasisi. Suwidin ta sa 1 ga Disamba zuwa 31 ga Maris idan hanya na cikin yanayin hunturu, Finlan kuma daga Nuwamba zuwa Maris. Kada ku jira ranar doka. Ku nemi layi a gareji tun Oktoba, domin ranar da dusar farko ta sauka kowa can zai nufa.

Ku sayi huɗu. Wannan shi ne wurin da mutane ke son rage kuɗi, kuma shi ne ya fi jefa su a rami. Idan aka sa biyu a gaba kawai, gaban zai kama hanya a kwana, bayan kuma ya zame ya juyo da motar ta fuskanci inda ta fito. Idan a baya kawai aka sa, sitiyari zai juya amma motar ta miƙe. Masu mota mai ja da ƙafa huɗu su ma kada su ruɗu. Jan ƙafa huɗu yana taimakawa wajen tashi da hawan tudu, ba ya rage tazarar birki ko da taku ɗaya, sai ma ya sa direba ya kai gudun da bai san ba zai iya tsayawa daga gare shi ba.

Girman da ya dace yana rubuce a takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Misali 205/55 R16 91H: 205 faɗin taya ne a milimita, 55 tsayin gefenta ne a kaso cikin ɗari na faɗin, 16 girman rim a inci, 91 na nufin kowace taya na ɗaukar kilo 615, H kuma gudun kilomita 210 a awa. Lambar nauyi kada ta yi ƙasa da wadda kamfanin motar ya rubuta. Taya mai ɗan sirantaka ta fi yanka dusa kuma ta fi araha, idan littafin motar ya yarda da girmanta. Mai hali ya haɗa da rim na ƙarfe daban, domin cirewa da mayarwa a rim ɗaya sau biyu a shekara yana cin kuɗi yana kuma lalata bakin taya.

Ɗalibai da yawa ta hannu za su saya, ba laifi ba ne, amma a duba abu biyu. Na farko shekarun tayar. A gefenta, bayan haruffan DOT akwai lamba huɗu a ƙarshe: 3521 na nufin an yi ta a mako na 35 na shekarar 2021. Wadda ta wuce shekara 6 robarta ta fara bushewa ko da haƙoranta na nan cif. Na biyu zurfin zane. Suwidin da Finlan sun yanke milimita 3, Ostiriya milimita 4, kuma 4 ɗin ce ma'aunin da ya kamata kowa ya riƙe, domin ƙasa da haka siraran tsagen sun kusa suɗewa. A Turai ana gwadawa da kwabon yuro 2: a cusa shi a ramin taya, idan farin bakinsa bai ɓace ba, tayar ta gama aikin hunturu. A duba ciki da waje da tsakiya, a bar duk mai kumburi a gefe ko tsattsagewa ko faci a kafaɗa.

Wajen ɗaurawa, tayoyin hunturu da yawa suna da kibiya a gefe mai nuna inda za su juya. Aka sa ta a baibai, sai ta riƙa tara caɓi a ƙarƙashinta maimakon ta watsar. Bayan kilomita 50 zuwa 100 a koma a sake ɗaure notuna. Iska kuwa tana raguwa da sanyi, kusan psi 1 (psi ma'aunin ƙarfin iskar taya ne) a duk digiri 5 ko 6 da aka sauka, wato tayar da aka cika a gareji mai ɗumin digiri 20 za ta rasa kusan psi 5 idan ta kwana a waje a digiri 10 ƙasa da sifili. A auna sau ɗaya a wata, da safe kafin a tuƙa, a bi lambar iskar da ke takardar ƙofar direba. Rage iska da sunan ƙara kamun hanya dabarar rairayi ce, ba ta aiki a nan.

Idan zafi ya zauna sama da digiri 7 a cire tayoyin hunturu, a rubuta wurin kowace da alli, a wanke gishirin, a ajiye a wuri mai sanyi da duhu. Barin su a mota da bazara yana cinye su da wuri kuma yana ƙara tazarar birki. Wannan ya shafi na gida ma: cikin tsofaffin tayoyin da ake shigowa da su daga Turai akwai na hunturu. Duk wanda zai sayi taya 'yar Kwatano a Kano ko Maraɗi ya juya gefenta, idan ya ga dutse mai kololuwa uku da ƙwayar dusa ya ajiye ta ya nemi wata, domin ba a yi robarta don kwaltar watan Afrilu ba.