Idan rediyon jirgin sama ya yi shiru, me doka ta ce matuƙi ya yi?

Jirgin fasinja ba ya motsi sai da izini. Tashi, sauka, ƙara sama, karkata dama ko hagu, duk sai matuƙi ya ji daga bakin jami'in kula da zirga-zirgar jirage, sannan ya maimaita abin da ya ji don a tabbatar kunnensa bai yaudare shi ba. To idan maganar ta yanke fa, ga jirgi a ƙafa 35,000 yana cin kusan kilomita 14 a kowane minti?

An tanadi doka musamman domin wannan. Tana cikin ƙa'idojin tafiya a sararin sama na Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, wadda yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta haifar, mai hedikwata a Montreal ta ƙasar Kanada. Ƙasashe kan ɗauki ƙa'idar su zuba a dokokinsu, wasu da 'yan sauye-sauye. A Najeriya hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ce mai kafa doka, hukumar kula da sararin samaniya, NAMA, ke riƙe da masu magana da jirage. A Nijar aikin magana da jirage yana hannun ASECNA, hukumar haɗin gwiwa ta wasu ƙasashen Afirka.

Ginshiƙin dokar abu ɗaya ne: matuƙin da ba a jin sa ya yi abin da na ƙasa za su iya hasashe. Kamar alhazai ne da kan yi alkawari kafin su shiga cunkoson Harami, cewa in an rabu a haɗu a ƙofa kaza bayan La'asar. Ba mai jin wani, amma kowa ya san inda ɗan'uwansa zai nufa, da kuma yaushe.

Kafin a kai ga nan, sai matuƙi ya nemi maganar ta dawo. Sau da yawa ba wata babbar lalacewa ba ce: an murɗa lambar tasha ba daidai ba, ko an rage sauti an manta, ko jirgi ya yi wa eriyar ƙasa nisa. Zai koma tashar da ya baro, ya gwada rediyo na biyu, ya kira a kan 121.5, tashar gaggawa ta duniya, ko ya roƙi wani jirgi da ke kusa ya isar masa da saƙo. In duk bai samu amsa ba, sai ya ci gaba da faɗin inda yake da abin da zai yi, yana maimaita saƙon sau 2, ko da akwai mai ji.

Sai kuma lamba. Kowane jirgi na ɗauke da na'urar taransifonda, mai aika wa radar shaidarsa da tsayin da yake. Matuƙi zai sa mata 7600, nan take ta bayyana a allon jami'i cewa rediyon wannan jirgi ya mutu. Ta bambanta da 7700 ta gaggawa da 7500 ta fashin jirgi.

Idan gari a washe yake, matuƙi na gani da idonsa, doka ta ba shi hanya mai sauƙi: ya tsaya inda yake iya gani, ya sauka a filin jirgi mafi kusa da ya dace da jirginsa, ya sanar da hukuma cikin hanzari cewa ya sauka.

Inda ake jan numfashi shi ne cikin gajimare ko ƙura, lokacin da na'urori kaɗai ke yi masa jagora. A nan ba a yarda ya yi gaban kansa ba. Zai riƙe tsayi da gudun da aka ba shi na ƙarshe, sai dai in tsayin bai kai wanda zai tsallake duwatsun yankin ba, sai ya hau zuwa mafi ƙarancin da aka ƙayyade. A ƙa'idar ICAO, inda ake amfani da radar zai riƙe su na minti 7. Inda babu radar, minti 20 daga lokacin da ya kasa ba da rahoton wucewarsa ta wurin da aka wajabta rahoto. Waɗannan mintoci ba don matuƙi aka sa su ba. An ba jami'in ƙasa ne domin ya lura, ya kawar da sauran jirage daga hanya. Bayan sun cika sai matuƙi ya koma kan tsayi da gudun da ke cikin takardar tsarin tafiyarsa, wadda ya miƙa tun kafin ya tashi, kwafinta kuma na gaban jami'in. Zai bi hanyarsa har wurin jira na filin da ya nufa, ya yi ta kewaye a can, ba zai fara gangarowa ba sai lokacin da aka faɗa masa tun farko, ko lokacin isowar da takardar ta nuna. Ana so ya dira cikin minti 30 daga wannan lokaci.

Amurka ta tsara tata a sashe na 91.185 na dokokin FAA, hukumar sufurin jiragen saman ƙasar, da jerin fifiko: hanyar da aka ba ka, ko wadda aka ce ka sa ran samu, in babu sai wadda ka rubuta. Manufar ɗaya ce.

Na ƙasa ma ba naɗe hannu yake yi ba. Yakan ce, in kana ji na danna maɓallin shaida, ko ka juya zuwa kaza. Da ya ga alamar ta haska a allo ya san matuƙi na ji, magana ce ta gagare shi, sai ya ci gaba da ba shi umarni a haka. A kusa da fili kuwa akwai fitilar hasumiya: kore tsayayye, sauka; ja tsayayye, ka ba wa wani jirgi hanya ka ci gaba da kewaye; ja mai ƙiftawa, fili ba lafiya, kada ka sauka. Matuƙi kan amsa da rangaji da fikafikai da rana, da dare kuma ya kunna fitilar sauka ya kashe sau 2.

Raunin dokar, a ganina, shi ne duk ta rataya ne a kan matuƙi ya gane an daina jin sa. Abin da ya faru a Brazil ranar 29 ga Satumba, 2006 ke nan. Wani sabon ƙaramin jirgi ƙirar Embraer Legacy ya nufi Manaus a ƙafa 37,000. Takardar tafiyarsa ta ce ya sauko 36,000 bayan ya wuce Brasilia, amma izinin ƙarshe da matuƙan suka riƙe 37,000 ne, ba wanda ya ce su sauya. Taransifondarsu ta daina aika shaida ba su lura ba, maganar rediyo ta yanke kusan sa'a guda, jami'an ƙasa kuma suna ɗauka jirgin na 36,000. Sai a 'yan mintocin ƙarshe matuƙan suka fara kira, suna ta kira ba amsa. Ba a sa 7600 ba. A kan hanyar, a daidai tsayin, jirgin kamfanin Gol mai lamba 1907, Boeing 737, na tahowa daga Manaus. Da yake taransifonda ba ta aiki, na'urar gargaɗin karo ba ta yi ƙara a ko ɗayansu ba. Suka gogi juna a saman dajin Amazon. Mutum 154 da ke cikin jirgin Gol duk suka rasu, Legacy ya samu ya sauka da mutanensa 7 a wani sansanin soja.

Shi ya sa sauraro kansa wajibi ne a doka: jirgin da ke ƙarƙashin kulawa dole ya bar kunnensa a kan tashar da aka ba shi ba yankewa. Shirun da ya yi tsawo a sararin da aka saba jin hayaniya, ya kamata ya tayar wa matuƙi hankali ya yi kira ya ji ko ana jin sa. A sassan Afirka da rediyon ƙasa ke da giɓi, ƙungiyar kamfanonin jirage ta IATA ta tsara matuƙa su riƙa sanar da juna inda suke a kan 126.9, kada su dogara ga ƙasa kaɗai.

Wanda ya yi sakaci kuwa akwai hukunci. Ranar 21 ga Oktoba, 2009, jirgin kamfanin Northwest mai lamba 188 daga San Diego ta Amurka ya yi fiye da sa'a guda ba ya amsa kira, har ya zarce Minneapolis, inda zai sauka, da kimanin mil 150. Rediyon lafiya lau yake. Matuƙan ne suka shagala da kwamfutocinsu. Cikin mako guda FAA ta ƙwace lasisin su biyun. A Turai kuma, jirgin da ya daɗe bai amsa ba ana tura masa jiragen yaƙi su je su leƙa ɗakin matuƙa, domin daga ƙasa ba a iya bambance mataccen rediyo da fashi, ko da matuƙan da iska ta ƙare musu suka suma.