Ma'anar Kalmar Filatinam a Tarihin Mawaƙa

Duk ranar da haihuwar wani shahararren mawaƙin Amurka ko Ingila ta zagayo, sai masu gabatar da shirye-shirye a rediyo da masu rubutu a Facebook su shiga jero mana nasarorinsa, kuma da wuya su gama ba su ambaci kalmar filatinam ba. Ta ƙara yawaita a bakin mutane tun da waƙoƙin matasan Nijeriya irin su Wizkid da Rema suka fara samun wannan shaida a Amurka. Ranar 29 ga watan Agusta, wato ranar da aka haifi Michael Jackson a 1958, ina cikin mota na ji wani mai gabatarwa yana cewa marigayin ya lashe kyautar filatinam sau 34 da kundinsa na Thriller, kamar wanda ke ba da labarin ƙungiyar ƙwallo da ta ɗauki kofi shekara bayan shekara. Adadin da ya faɗa daidai ne, amma fahimtar da ya ɗora a kansa ba daidai ba ce, kuma ita ce ta fi yaɗuwa.

Filatinam ba gasa ba ce, babu alƙalai a cikinta, kuma ba a kayar da kowa kafin a same ta. Shaidar ciniki ce. Wata ƙungiya ta kamfanonin faifai a Amurka, mai suna RIAA, ita ke duba takardun kamfani ta tabbatar da cewa waƙa ko kundin waƙoƙi ya kai wani adadi a kasuwar ƙasar. Idan ya kai 500,000 sai a ce ya yi zinariya, idan ya kai miliyan 1 ya yi filatinam, idan kuma ya kai miliyan 10 ya yi lu'ulu'u. Saboda haka Thriller, wanda ya fito ranar 30 ga Nuwamba 1982, bai ci wani abu sau 34 ba; an dai tabbatar da cewa ya kai miliyan 34 a Amurka kaɗai. Mawaƙa ɗari za su iya samun wannan shaida a wata guda ba tare da ɗaya ya rage wa ɗaya komai ba.

Asalin al'adar ma talla ce. A ranar 10 ga Fabrairu 1942 kamfanin RCA Victor ya ɗauki faifan waƙar Chattanooga Choo Choo ya fesa masa ruwan zinariya, ya miƙa wa Glenn Miller ana tsakiyar shirin rediyo, domin jama'a su ji cewa an sayar da fiye da miliyan 1. Da kowane kamfani ya fara yi wa nasa mawaƙan irin wannan ado bisa alƙaluman da shi kaɗai ya sani, sai RIAA ta karɓi aikin a 1958, shekarar da aka haifi Prince da Madonna da Michael Jackson, ta fara da waƙar Catch a Falling Star ta Perry Como. Matakin filatinam bai zo ba sai 1976, lokacin da ciniki ya bunƙasa har zinariya ta daina burge kowa, kuma kundin farko da ya samu shi ne tarin fitattun waƙoƙin ƙungiyar Eagles na 1971 zuwa 1975. Lu'ulu'u kuwa sai 1999.

Ita kanta kalmar tana da tarihin da ya kamata mai son yin alfahari da ita ya sani. Daga Sifaniyanci ta fito, inda ake kiran azurfa plata, platina kuma ke nufin 'yar ƙaramar azurfa, kuma suna ne na raini. A ƙarni na 18, masu wanke zinariya a kogunan yankin Choco, cikin ƙasar Kolombiya ta yau, sun riƙa cin karo da wasu ƙwayoyi farare masu nauyi da ke kwanciya tare da zinariyar a ƙasan kwano, su ƙi rabuwa da ita. Sun sa su a wuta sun ƙi narkewa, domin zinariya na narkewa a zafin digiri 1,064, shi kuwa wannan ƙarfe sai an kai 1,768, abin da ya fi ƙarfin maƙerarsu. Ya zame musu ƙarfen ƙafa, ga shi kuma mazambata sun gano cewa nauyinsa ya yi kusa da na zinariya, suna gauraya su suna cutar mutane, har hukumar Sifaniya ta sa ana zubar da shi a kogi. Wannan abin da aka raina shi ne daga baya ya fi zinariya tsada, shi ya sa a 1976 aka ɗora sunansa a saman nata. Abin lura kuma shi ne cewa shekaru da dama ke nan zinariya ta sake wuce shi a farashi, amma jerin matakan bai canza ba. Allon shaidar da ake ba mawaƙi ya rataya a bango ma ba ƙarfen gaske ne a cikinsa ba, faifan roba ne da aka yi wa rufi mai ƙyalli.

Ruɗanin da ya fi damuna shi ne ɗaukar filatinam a matsayin ma'auni guda na duk duniya da duk zamani. Wanda ya taɓa awon hatsi ya san cewa mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba, kuma kafin ya yi ciniki sai ya ɗaga mudun ya juya shi a hannu, ya duba ko an buga gindinsa ciki, ya tambaya ko shafe ake yi ko kuwa ana cikawa har ya yi tozo. Haka wannan shaida take. A Birtaniya, inda ƙungiyar kamfanonin faifai ta ƙasar, BPI, ke bayar da ita tun 1973, kundi na zama filatinam da 300,000, waƙa guda kuma da 600,000, har suna da matakin azurfa wanda Amurka ba ta da shi. A ƙasashe masu ƙarancin jama'a adadin ya fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Idan mai gabatarwa ya ce waƙa ta yi filatinam bai faɗi ƙasar ba, bai gaya wa mai sauraro komai ba tukuna.

A cikin Amurkar ma mudun ya sha canzawa. Kafin 1989 waƙa guda sai ta kai miliyan 2 take zama filatinam, daga nan aka rage zuwa miliyan 1. Kundi mai faifai biyu sau biyu ake ƙirga shi, shi ya sa The Wall na ƙungiyar Pink Floyd, wanda ya fito a 1979, yake da filatinam 23 alhali kwafin da suka fita miliyan 11 da rabi ne. Sannan shekaru da yawa abin da ake ƙirgawa shi ne kayan da kamfani ya tura wa dillalai, ko an saya ko ba a saya ba. A 1978, da mambobin ƙungiyar Kiss su huɗu suka fitar da kundi ɗaya-ɗaya a rana guda, kowanne ya samu shaidar, daga baya kuma shaguna suka riƙa mayar da kwali-kwali da ba a taɓa ba. A ɗaya gefen, kamfanin Motown na birnin Detroit ya daɗe bai yarda ya buɗe wa RIAA littattafansa ba, don haka manyan waƙoƙinsa na shekarun 1960, waɗanda duniya ta haddace, sun yi zamaninsu babu shaidar ko ɗaya.

Babban canji ya zo da intanet. Tun 2013 aka fara sa saurare ta intanet cikin lissafin waƙa guda, a 2016 kuma aka shigar da shi lissafin kundi. A ƙa'idar yanzu, saurare 150 daidai yake da sayen waƙa ɗaya, saurare 1,500 kuma daidai da kundi ɗaya, kuma wanda aka yi a cikin Amurka kaɗai ake ƙirgawa. Ke nan waƙar da ta dogara da saurare zalla tana buƙatar miliyan 150 kafin ta yi filatinam. Wanda ya ga waƙa ta samu kallo miliyan 1 a YouTube ya ce ta yi filatinam, ya sani cewa a wannan lissafi ba ta kai 7,000 ba, ko da a ce duk masu kallon a Amurka suke.

A ganina waɗannan lissafai biyu ba abu ɗaya suke aunawa ba, kuma bai kamata a jera su kafaɗa da kafaɗa ba. Matashin da a 1983 ya tara kuɗinsa, ya taka zuwa shago, ya ɗauko faifai ya biya, ya yanke shawara sau ɗaya da aljihunsa. Saurare kuwa yana ƙirga maimaici, har da waƙar da manhaja ta sako da kanta mai wayar yana wanke-wanke bai ma kula ba. Ba ina cewa mawaƙan yau ba su yi aiki ba, domin tara saurare miliyan 150 a ƙasar da ba taka ba babban abu ne. Amma duka biyun ba su ce komai kan kyan waƙa ba, kuma yana ba ni takaici in ji an taƙaita rayuwar mawaƙi a ranar tunawa da shi zuwa alƙaluman da akantan kamfani ya tattara.

Akwai kuma abin da kusan ba a taɓa faɗa a rediyo ba, wato shaidar ba ta zuwa da kanta. Kamfani ne ke nema, ya biya kuɗin bincike, ya miƙa takardu, kuma yakan zaɓi lokacin da zai amfane shi, kamar cikar kundi shekara 25 ko 40 da fitowa. Thriller ne kundi na farko da ya kai filatinam 30, a Disambar 2015. A watan Agustan 2018 sai aka wayi gari ana shelar cewa tarin waƙoƙin Eagles ya haura shi, ya tashi daga 29 zuwa 38 a rana guda, masu ba da labari suna ta magana kamar mutane miliyan 9 ne suka ruga kasuwa a makon. Abin da ya faru shi ne rabon da a sabunta lissafin kundin tun 2006, sai kamfaninsu ya nemi a sake ƙirgawa, aka haɗa cinikin shekara 12 da sauraren intanet aka fitar lokaci ɗaya. A lissafin duniya gaba ɗaya kuwa Thriller ne har yanzu ake ɗauka kundin da aka fi saya.